Turancin Jere

Yau ba hirar girki ko ta zaman gidan miji na kawo muku ba. Wani labari ne nawa na kaina da na daɗe ina danne shi a ciki, sai yanzu da furfura ta fara leƙowa na ga ya kamata in amayar da shi, ko wata ta tsinci abin tsinta. Labarin wani littafin rubutu ne mai jan bango, wanda ya ɗaukaka ni a idon mutanen garinmu shekara da shekaru, ranar da na fi bukatarsa kuma ya zuba mini ƙasa a ido.

Ni mutuniyar Liba ce, cikin ƙaramar hukumar Maiyama. Lokacin da aka kai ni makarantar sakandare ta kwana ta 'yanmata a 1990 muna cikin jihar Sakkwato ne, sai da shekara ta zagayo, a watan Agusta na 1991, aka yanke mana jihar Kebbi. A wancan zamani 'yanmatan da suka wuce firamare a unguwarmu ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, saboda haka ranar tafiyata har ƙofar gida mata suka rako ni, wannan ta ba ni ƙuli-ƙuli, waccan ta ba ni yaji. Inna kuwa, da yake ni ce 'yar fari, ko kallona ba ta yi ba, tana can bakin murhu tana fifita wutar da ta riga ta kama.

Ban cika sati guda a makaranta ba na sha kunyar da ban taɓa shan irinta ba. Wata siniya 'yar birni ta tare ni a bakin famfo ta yi mini tambaya da Turanci, ni kuwa na tattaro ɗan abin da na iya na ba ta amsa, sai kawai na ga 'yanmata sun fashe da dariya har da masu riƙe ciki. Har yau ban san abin da na faɗa ba daidai ba. Daren nan na shige bargo na yi kuka mai isata, na kuma yi wa kaina alkawari cewa kafin in bar makarantar nan sai na yi Turancin da ita kanta siniyar za ta nemi mai yi mata fassara.

Ga yadda na ɓullo wa al'amarin. Kowace ɗaliba tana da ɗan ƙaramin ƙamus na Michael West a akwatinta, amma ni na raina shi, domin bayaninsa da sauƙi yake, yaro ma ya gane. A laburaren makaranta akwai wani babban ƙamus mai nauyi kamar ɗan dutsen niƙa, ba a fita da shi, sai dai a duba a nan. To kullum bayan la'asar, lokacin da sauran yara ke wasan ƙwallo ko kitso, ni ina gabansa da littafina mai jan bango da biro, sai na kwafi kalma biyar kafin in tashi. Sharaɗina biyu ne kacal: kalmar ta zama doguwa, kuma ya kasance ban taɓa jin ta a bakin kowa ba. Idan na ji malami ya furta wata kalma da ke cikin littafina, sai in ji ta fita daga raina kamar zanen da aka ga irinsa a jikin kishiya.

Bari in ɗan gutsura muku kaɗan daga cikin dukiyar tawa, ku ji irin abin da na ɓata ƙuruciyata a kai. Akwai pulchritude, wato kyawun halitta. Akwai tintinnabulation, wato ƙarar ƙararrawa. Akwai defenestration, wadda ke nufin jefo mutum ta taga, kuma labarin da aka fi danganta ta da shi shi ne na birnin Prag a 1618, inda aka jefo wasu wakilan sarki ta tagar fada. Akwai éclat, wato ƙyalli da burgewa a bainar jama'a, wannan kam ina ƙaunarta ƙwarai, ku riƙe ta a ranku don za mu sake gamuwa da ita. Sarauniyarsu duka kuwa ita ce floccinaucinihilipilification, mai harafi 29. Kwana uku na yi ina haddar ta kamar mai tilawa. Ma'anarta? Ɗaukar abu a matsayin wanda ba shi da wata daraja. Da ina da wayo da tun a nan na ɗauki hannu.

Kafin in kai aji huɗu sunana ya zagaye makaranta. Ni ce gaba a muhawara, idan na miƙe na fara ɓarin Turanci sai ka ji ɗakin taro ya ɗauki tafi, alhali masu tafin ba su san abin da na ce ba, wani lokaci ni ma kaina sama-sama na sani. Ni ce mai rubuta wa ƙawayena amsar wasiƙun samarinsu, ladana sabulun wanka ko gwangwanin madara. Akwai saurayin da ya kwashe sati biyu bai aiko da amsa ba, ashe bawan Allah yana can yana yawon neman ƙamus, ya kasa gane ko yabonsa aka yi ko korarsa. Idan na zo hutu Liba kuwa, ai sai ka ce Baturiya ta sauka. Takardar haraji, wasiƙar ɗan wani da ke aikin soja, rasiɗin taki, duk gidanmu ake kawowa. Baba ba ya cewa komai, amma ina ganin yadda yake gyara zama a kan buzunsa idan ya ji ana sallama ana neman 'yar boko.

Mutum ɗaya ne bai taɓa tafa mini ba, wani dattijon malaminmu na Turanci mutumin Gana. Wata rana na rubuta insha'i a kan kasuwar Jega, na zuba duk abin da ke cikin littafina, ko buhun albasa ban bari ya tafi da sunansa na gaskiya ba. Da ya dawo mini da takardar sai na ga ya ba ni maki 9 cikin 20, a gefe kuma ya rubuta kalma ɗaya da jan biro: sesquipedalian. Maimakon in ji haushi sai murna ta kama ni, na ce ga sabuwar kalma, kuma tabbas yabo ne. Na garzaya laburare na duba. Ashe asalinta daga Latin ne, tana nufin abu mai tsawon ƙafa ɗaya da rabi, kuma da ita ake yi wa mai son dogayen kalmomi shaguɓe. Washegari ya kira ni ya ce, "'Yata, na karanta shafi uku ban ga kasuwa ba, ban ji ƙanshin albasa ba, ke kaɗai na gani kina juyi." Ya ƙara da cewa ƙaramin ƙamus ɗin nan da na raina, mai shi ya yi bayanin dubban kalmomi ne da kalmomi 1,490 kacal, kuma wannan shi ne gwaninta. Na ce to Malam, na fita. A zuciyata kuwa cewa na yi tsufa ne ke damunsa. Har kalmar tasa na kwafe a littafina.

A 1997 aka yi mini aure aka kai ni Jega. 'Yan'uwa, waɗanda suka ga aure a wancan lokaci sun san yadda ake jere. Kwalla da samira da kumbo da tangaran, a jera su tun daga ƙasa har kusa da rufi, kowace ta sha guga tana ɗaukar ido, mata su shigo su ƙirga su fita da labari. Amma ku tuna, cikin duk kayan nan wanne ne ke hawa murhu? Tuwon gidan a wata baƙar tukunya ake tuƙa shi, wadda ake turawa bayan ɗaki idan baƙi za su zo. To haka Turancina yake, na jere ne, ban kuwa gane haka ba sai a 2004.

A shekarar ne ƙanwata da ke bi mini, wadda aka aurar a Aliero, ta samu cikin fari. Da cikin ya shiga wata na takwas aka kawo ta gida Liba goyon ciki kamar yadda aka saba. Na je duba ta wata ranar Asabar. Na tarar da ita a kan tabarma, ƙafafunta sun yi dam, fuskarta ta cika har idanun sun ƙanƙance, zoben hannunta ya nutse cikin yatsa. Matan gida suna ta yi mata tsiya wai cikin ya karɓe ta, ɗan zai zo ƙato. Ita kuwa sai murmushi take tana rufe fuska da mayafi, kun dai san kunyar cikin fari.

Can sai Inna ta shiga ɗaki ta fito da wani kati da ta ƙulle a leda, na awon da yarinyar ta je sau ɗaya kafin a kawo ta. Ta miƙo mini ba tare da ta kama sunana ba, ta ce, "Ke da kinka yi boko, duba muna takardag ga. Mi anka rubuta ciki? In abin tashi na, mu tashi."

Na karɓa. Tsakar gida ta yi tsit, gwaggonnina biyu da matan maƙwabta duk sun zubo mini ido. Rubutun irin na ma'aikatan asibiti ne, kamar tafiyar tsutsa, amma na iya tsintar abu uku. Na ga lamba 160/110. Na ga oedema. Na ga kuma wata kalma da aka ja wa layi biyu a ƙarƙashi: pre-eclampsia. Wallahi 'yan'uwa ko ɗaya ban sani ba. Ni da ke da kalma sama da dubu a littafi, ni da na haddace mai harafi 29, ga kalma uku a kan ran ƙanwata sun gagare ni.

Abin da ya kamata in faɗa bai wuce kalma uku ba shi ma: ban sani ba. Amma yaya za a yi Baturiyar Liba ta faɗi haka a gaban matan da suka yi shekara goma suna kawo mata takarda? Na dubi ƙafar yarinyar, na dubi katin, na haɗa lissafina na ce, "Ba wani abu ba na, Inna. Sunan kumburin ƙafa na da Turancin likita. Ta dai rage gishiri, ta riƙa ɗora ƙafa bisa matashi." Inna ta ce alhamdu lillahi, ta mayar da katin cikin ledarsa. Na ƙudurta a raina idan na koma Jega zan duba ƙamus ɗin maigidana. Da na koma na tarar da baƙi, washegari wanki, jibi suna a maƙwabta. Maganar ta bi ruwa.

Kwana tara bayan nan, da sanyin safiya, wani ɗan kabu-kabu ya yi sallama a ƙofar gidanmu ya ce in yi maza asibiti, an kawo ƙanwata. A hanya yake ba ni labari. Tun jiya da yamma take kukan ciwon kai, tana cewa tana ganin wasu abubuwa na gilmawa a idonta kamar tartsatsin wuta. Cikin dare ta faɗi tana jijjiga, ta taune harshe, kumfa na fita. Aka ce iska ce, aka yi hayaƙi, aka yi tofi, wata ta tura mata cokali a baki. Sai da ta yi faɗuwa ta uku sannan aka samo wata a-kori-kura mai ɗaukar albasa aka sako ta a baya.

Allah Ya yi da sauran kwananta a gaba. Aka yi mata allurai, jijjigar ta tsaya, aka cire cikin. Yaron namiji ne, amma bai zo da rai ba.

Da yamma wata dattijuwar nas ta fito da katin nan a hannunta, ta tsaya a kanmu a baranda ta ce, "Wannan katin tun yaushe yake hannunku? Ba wanda ya iya karatu a gidan ne?" Inna ba ta ce uffan ba, ba ta kuma dube ni ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na miƙe na bi matar nan har ofishinta na ce, "Baba, ni ce na karanta, kuma ban gane ba, na ce ba komai." Ta daɗe tana kallona, sannan ta jawo kujera ta ce in zauna.

Abin da ta koya mini a ranar shi zan ba ku, don Allah ku riƙe shi ko da kun manta da sauran labarin. Pre-eclampsia ciwo ne na masu ciki da ke zuwa bayan ciki ya wuce sati 20, jini ya hau, sau da yawa kuma a ga alamarsa a gwajin fitsari. Ya fi kama mai cikin fari da mai ɗauke da tagwaye da wadda dama ke da hawan jini. Idan awon jinin mai ciki ya kai 140/90 an shiga gargaɗi, idan ya kai 160/110 kuwa ba a kwana a gida. Oedema kumburi ne na taruwar ruwa a jiki. Ɗan kumburin ƙafa abu ne da yawancin masu ciki ke yi, amma idan ya hau fuska da hannuwa, ga ciwon kai mai tsanani, ga gani dishi-dishi ko walƙiya a ido, ga ciwo a ƙarƙashin haƙarƙari, to asibiti kai tsaye. Idan aka yi sakaci shi ne ke rikiɗewa ya zama eclampsia, wato jijjigar nan da muke cewa iska. Akwai allurar da ake kira maganiziyam salfet, wadda wani babban bincike da aka yi a ƙasashe 33 aka bayyana sakamakonsa a 2002 ya nuna tana rage haɗarin jijjigar da fiye da rabi. Kuma idan mace ta faɗi, a kwantar da ita ta gefen hagu, kada a cusa mata komai a baki, a nemi mota nan take.

Daren da na koma gida na ɗauko babban ƙamus ɗin maigidana, wanda na yi kwana tara ina wucewa ta gabansa. Na buɗe na samu eclampsia. Asalinta daga harshen Girka ne, daga kalmar da ke nufin walƙiya, saboda yadda take faɗo wa mace ba sallama. Da na sauke idona ƙasa kaɗan, wa zan gani? Éclat, 'yar lelena. Ashe maƙwabtan juna ne a shafi guda. Wato wata rana da la'asar a laburaren makaranta yatsana ya bi ta kan kalmar da za ta ceci ɗan ƙanwata, ya tsallake ta, ya ɗauki ta burgewa. Na rufe littafin na kifa kaina a kansa. Da na sani ƙeya ce.

Na san wata za ta ce ai kwana ne ya ƙare, kuma haka ne, babu mai ja da wannan. Amma mu ne dai ke cewa Allah Ya ce tashi in taimake ka. Inna ta tambaya, ta ce in abin tashi ne mu tashi, ni ce na zaunar da ita.

Sai da aka shekara shida, ƙanwata ta haifi 'ya'ya biyu lafiya a asibiti, sannan na iya buɗe baki na roƙe ta gafara. Muna tsinke zogale ne a tsakar gidanta. Ta yi shiru, can ta ce, "Yaya, ai ni ma da Hausa anka gaya mani. Matar ta ce in tai babban asibiti cikin satin nan, kunya ta hana ni faɗi ma kowa." Muka zauna muna kallon juna, ita kunya, ni girman kai, kowace da nata kason. Tun daga ranar muka daina ɓoye zancen, duk yarinyar da aka kawo goyon ciki a danginmu sai ɗayanmu ta je ta duba katinta.

To kada wata ta fahimce ni a baibai, ban ce a daina koyon baƙin kalmomi ba. Har gobe ina jin daɗinsu, kuma ɗalibar da za ta zauna jarrabawar WAEC ko JAMB dole ta tanade su, tunda ana tambayar kalmomi masu ma'ana ɗaya da kishiyoyinsu. Abin da na gane shi ne baƙin kalmomi iri biyu ne. Akwai waɗanda ke kwance a ƙamus suna jiran mai neman ado. Akwai kuma waɗanda su ne za su biyo ki har tsakar ɗakinki, a katin awo, a jikin kwalbar magani, a takardar bashi, a sakamakon jarrabawar yaro, a galan ɗin maganin ƙwarin da maigida ke fesa wa albasa. Waɗannan na biyun su ne baƙar tukunya, da su ya kamata a fara.

Na sayi sabon littafi mai baƙin bango, na raba kowane shafi gida uku: kalmar, inda na gamu da ita, da ma'anarta da Hausar da Inna za ta gane. Idan na kasa cika gida na uku, to ban san kalmar ba ke nan, komai iya furta ta da na yi. A ciki na rubuta cewa teaspoon ƙaramin cokali ne mai cin mililita 5, tablespoon kuwa babba ne mai cin 15, wato ninki uku, kun ga wadda ta rikita su a maganin jariri ta yi ɓarna. Na rubuta for external use only, wato na shafawa ne, ba a sha. Na rubuta contraindication, wato yanayin da bai kamata a sha wannan magani ba. Na rubuta guarantor, wanda mata da yawa ke sa wa hannu suna zaton shaida ce kawai, alhali alkawari ne cewa idan mai bashi ya kasa ke za ki biya. Na rubuta collateral, wato jingina, abin da za a riƙe idan ba a biya ba.

Sai kuma wata dabara da dattijuwar nas ɗin nan ta nuna mini, wadda ta fi haddar kalma dubu. Yawancin dogayen kalmomin Turanci haɗe-haɗe ne, daga Latin da harshen Girka da Faransanci aka aro gutsattsarinsu, kamar yadda mu ma muka aro littafi da alƙalami da hankali daga Larabci, muka aro asibiti da likita da tebur daga Turanci. Faransanci ya kwararo cikin Turanci ne bayan Normandawa sun ci Ingila da yaƙi a 1066, malaman likitanci da na shari'a kuma suka daɗe suna aiki da Latin. Saboda haka idan kin san gutsattsarin, sai ki kwance kalma kamar yadda ake kwance kitso. Pre da ante suna nufin kafin, post bayan, natal haihuwa, kun ga antenatal awon ciki ke nan, postnatal kuma duba mai jego. Hyper abin da ya wuce kima, hypo abin da ya gaza. Haem jini, shi ya sa haemorrhage ke nufin zubar jini mai yawa. Duk kalmar da ta ƙare da itis kumburi ne ko ciwo a wata gaɓa. Da na san pre kaɗai a wancan rana, ai da na gane cewa katin yana faɗin wani abu na nan tafe.

Masana harshe sun daɗe da gano abin da malamina mutumin Gana ya so ya nuna mini. Shi Michael West ɗin nan da na raina ya fitar da jerin kalmomi wajen 2,000 a 1953, waɗanda su ne suka fi yawo a Turanci, kuma su kaɗai suna ɗauke da kusan kashi 80 cikin 100 na abin da ake rubutawa yau da kullum. Babban ƙamus na Oxford kuwa, bugun 1989, juzu'i 20 ne, ba a yi Baturen da ya san duk abin da ke cikinsa ba. To ke da ni me zai hana mu cewa ba mu san wata kalma ba? Baƙuntar kalma ma ai ya danganta ne da inda mutum yake tsaye. A 2020 ƙamus ɗin na Oxford ya shigar da Kannywood cikin kalmominsa. A wurin mutumin Landan wannan baƙuwar kalma ce da sai ya duba, mu kuwa ko yarinyar da ke tallan gyaɗa ta san ta.

Ku duba kuma yadda kalma ke zama a kai idan ta taɓa rayuwar mutum. Lokacin da Patrick Obahiagbon na jihar Edo yake majalisar wakilai, daga 2007 zuwa 2011, ƙasar nan ta sha dariya da mamakin dogon Turancinsa, amma mutum nawa ne suka riƙe kalma ɗaya daga ciki? Sai ga shi a watan Maris na 2023 hukumar zaɓe ta ce zaɓen gwamnan Kebbi inconclusive ne, wato bai kammala ba, sai da aka ƙarasa shi ranar 15 ga Afrilu. Cikin sati guda tsofaffin Liba da ba su taɓa shiga aji ba suna ta faɗin inkwankulusif, har wadda tuwonta bai nuna ba sai a ce ya zama inkwankulusif. Haka palliative, da ta shigo bakin kowa a lokacin korona a 2020, ta sake dawowa bayan cire tallafin fetur a 2023. Mu mun ɗauke ta sunan shinkafar rabo ce. A wurin likitoci kuwa tana nufin abin da ke rage raɗaɗi ba tare da ya warkar da ciwo ba, asalinta ma daga sunan mayafi ne a Latin, wato a lulluɓe abu. Wanda ya san wannan ai ya san abin da aka ba shi.

Yanzu zamani ya kawo sauƙi, ƙamus na cikin wayar hannu, ba sai an je laburare bayan la'asar ba. 'Yata ta fari ta gado ni, kullum sai ta zo mini da wata kalma da ta tsinto tana gwada ni. Ba na hana ta, har nakan ɗauko mata tsohon littafina mai jan bango mu sha dariya. Sharaɗi ɗaya na kafa mata: duk kalmar ado ɗaya da ta kawo, sai ta haɗo da ta aiki ɗaya, daga kwalin magani ko takardar banki ko katin asibiti, ta kuma fassara wa kakarta har ta gane. Rannan ta zo da wata ta kasa fassarawa, ta yi ta kame-kame, sai Inna, wadda yanzu ido ya yi rauni amma kunne na nan garau, ta ce, "Ke ɗiyag ga, in ba ki sani ba ki ce ba ki sani ba, a tambayi wani." Ban ɗaga kai ba, na ci gaba da tankaɗen da nake yi.

Saboda haka 'yar'uwa, idan ke ce mai boko a gidanku, ki sani amana ce aka ɗora miki, domin takardar da aka miƙo miki wata rana rai ne a cikinta. Abin da kika sani ki faɗa, wanda ba ki sani ba ki ce a dakata, ki duba, ki bugi waya, ki koma wurin wanda ya rubuta. Idan kuma ke ce mai katin, kada ki bar gaban ma'aikaciyar asibiti sai ta gaya miki da Hausa abin da ta rubuta da Turanci, kuma abin da aka gaya miki ki sanar da na kusa da ke, ciki ba abin kunya ba ne. Matambayi ba ya ɓata. Ki yi jerenki ya yi kyau, babu laifi, amma ki san inda baƙar tukunyarki take.

Allah Ya raba masu ciki da cikinsu lafiya, Ya ba mu ilimi mai amfani. Sai mun haɗu a rubutu na gaba. Wassalam.